Cif Modu, Mai Neman Tsatsa a Garin da Babu Teku

Larabar da ta wuce surukina, Cif Modu, ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ko da yake duk wanda ya san shi ya san hutu bai taɓa burge shi ba. Ni ne mijin 'yarsa Falmata. Malamin makaranta ne ni, labarin ƙasa nake koyarwa, kuma har Cif ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa kirana da sunana ba. Kurtu yake ce mini. Yau ga ni da furfura da 'ya'ya biyar, amma in ka shigo Tsohuwar Maiduguri ka tambayi gidan Malam Sani, sai mutane su yi ta kallon juna. Ka ce gidan Kurtu, har ƙofa za a kai ka.

Shekara talatin da biyu Cif ya yi a sojan ruwa. Yadda aka yi mutumin Borno, haifaffen garin da koginsa ma sai da damina yake tuna aikinsa, ya ƙare a tsakiyar teku, wannan tambaya ce da bai taɓa ba ta amsa iri ɗaya sau biyu ba. Ba shi ke tuƙa jirgi ba, ba kuma shi ke harba bindiga ba. Shi ne babba, wato Cif, a kan masu aikin saman jirgi: su ke riƙe da igiyoyi da sarƙoƙi, su ke jefa anka, wato ƙatuwar ƙugiyar ƙarfen da ke tsayar da jirgi wuri ɗaya, su ke sauke kwale-kwale su ɗauke shi, su ke kuma yin fenti. Fentin nan shi ne rabin rayuwarsa. Yakan ce abokan gaba suna iya shekara ba su leƙo ba, amma iskar teku kullum tana cin ƙarfe, ko ranar sallah ba ta fashi.

Yana da ƙa'idarsa, kuma ko barci nake aka tashe ni zan karanto ta. Ka ƙwanƙwasa wurin da guduma mai baki. Ka kankare. Ka goge da buroshin waya har ƙarfe ya fito fes. Ka shafa jan fenti na ƙasa, ka bar shi ya bushe, sannan ka bi da fenti mai ruwan toka. Wanda duk ya shafa fenti a kan tsatsa, a wurin Cif da shi da mai shaidar zur layinsu ɗaya.

Da ya yi ritaya, abu biyu ya dawo da su gida: gudumar nan, da al'adar rubuta rahoton ƙarshen shekara. A jirgi shi ke rubuta wa kowane yaronsa rahoto a kan abu uku, shugabanci, kula da kayan aiki, da horar da na ƙasa, kuma da wannan takarda ake ƙara wa mutum girma ko a bar shi inda yake. To, jirgi ya tafi, alƙalami bai tafi ba. Kowa a gidan yana da fayil. Surukata Ya Hajja ta taɓa nuna mini nata tana dariya, inda ya rubuta cewa kula da kayan aikinta babu laifi, amma shugabancinta ya yi yawa.

Abin da bai lissafa da shi ba shi ne Maiduguri. Garin nan busasshe ne. Ka jefar da ƙusa a tsakar gida ka dawo bayan shekara, za ka same ta tana jiranka yadda ka bar ta. Damina takan kawo ɗan abin da ba a rasa ba, amma ga mutumin da ya saba ganin ƙarfe ya yi ja a cikin mako guda, wannan wasan yara ne. Sai ya riƙa zagaya gidan yana leƙa ƙarƙashin gado da bayan tanki, fuskarsa kamar ta wanda ya je tasha tarar baƙo baƙon bai zo ba. Da bai samu ba, sai ya yanke hukuncin cewa tsatsar tana nan, ɓuya ta yi ƙarƙashin fenti. Ƙofar gidan, ta ƙarfe ce mai ɓangare biyu, ita ta ɗauki alhakin. Kowace Asabar da safe unguwa takan tashi da ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya kankare fentin makon jiya, ya goge ƙarfen da ba shi da laifin komai, ya sake shafawa. Shekara shida yana haka kafin in shigo labarin.

Na shigo ne neman aure. Kawunnaina suka je da goro da kyakkyawan lafazi, ya saurare su har suka gama, sannan ya ce ai shi ba shi da ta cewa, domin fayil ɗin yaron babu komai a ciki. Ya ba ni gwajin wata shida. Kowace Asabar ƙarfe bakwai in bayyana a bakin ƙofa. In ya sa hannu a rahotona, Falmata tawa ce. In bai sa ba, in nemi wani jirgin. Kawuna babba ya yi dariya, ya ɗauka raha ce irin ta manya. Cif bai yi dariya ba.

Asabar ta farko na zo ƙarfe bakwai da minti huɗu, cikin farar shadda, har da turare. Ya dubi agogo, ya dube ni.

"Kurtu, da jirgi ne da yanzu kana bakin gaɓa kana ɗaga masa hannu."

"Baba, a yi haƙuri, babur ne ya ƙi tashi."

"Babur ɗin wa?"

"Nawa."

Ya buɗe fayil ya rubuta wani abu a ƙarƙashin kula da kayan aiki. Ban ko taɓa guduma ba na riga na faɗi darasi ɗaya.

Na koyi aikin dai, da ƙyar da jiɓin goshi. Hannun da bai san komai ba sai alli ya yi kanta. Matsalar ta taso a wajen horar da na ƙasa, domin ni ne na ƙasan, babu kowa a bayana. Na ce masa ai ina da ɗalibai sama da ɗari a makaranta. Ya ce waɗannan zama suke yi ina magana, shi horo yake nufi. Sai ya waiwaya ya ga Okoro.

Okoro shi ne mai sayar masa da fenti, mutumin kudu maso gabas ne, Kirista, ya girme ni da kusan shekara ashirin, ya kuma daɗe a garin nan har Kanurinsa ya fi nawa. Yakan kawo fentin da kansa ranar Asabar ya zauna shan shayi. Ashe duk shekarun da ya yi yana sayar da fenti bai taɓa riƙe buroshi ba. Cif ya ce wannan abin kunya ne ga ƙasa baki ɗaya, ya danƙa mini shi. Okoro ya yi ta rantsuwa cewa shi baƙo ne, shayi ya zo sha, amma mako na gaba sai ga shi da tsohuwar riga. Haka muka zama mu biyu a gindin ƙofa, ni ina koyar da abin da na koya jiya, shi yana ɗiga wa takalmina fenti, Cif yana tsaye a bayanmu da usur a wuya.

Wani lokaci nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga garin yau. Yanzu sojojin ruwa ba baƙi ba ne a nan, kana ganinsu a mota suna wucewa wajen Tafkin Chadi. Da yana raye na tabbata sai ya tare su a hanya, ba don gaisuwa ba, don ya duba yadda suka ɗaure kayan bayan motar. Abin da zai fi tayar masa da hawan jini kuwa shi ne ɗabi'armu ta shafa fenti idan babban baƙo zai zo gari. Dare ɗaya sai ka ga duk wani ƙarfe na bakin titi ya yi fari da kore, ba kankara, ba guga, har da tsohuwar takardar talla a ƙarƙashi. Duk lokacin da na wuce irin wannan wuri sai in ji na sunkuyar da kai, kamar ni na yi.

A wata na biyar abin ya faru. Cif ya shiga ciki alwala, na ɗaga guduma na ƙwanƙwasa ƙasan ƙofar kamar kullum, sai bakin gudumar ya wuce. Ya wuce gaba ɗaya. Na leƙa ta ramin na hango Ya Hajja tana tankaɗe a tsakar gida. Shekara shida da rabi na kankara da guga sun mai da ƙarfen kamar gwangwanin madara.

Okoro ya dafe kai. "Malam, ka mutu. Tsaya, kar ka yi ihu. Akwai fila ta masu gyaran jikin mota, mu cika, mu shafa, wallahi ko shi ba zai gani ba."

Zan so in ce gaskiya ce ta hana ni. Tsoro ne. Na sha ganin Cif yana bin ƙofar nan da ɗan yatsa yana ƙwanƙwasawa, kunnensa a manne, na san ko kwana ɗaya fila ba za ta yi ba. Na shiga na same shi yana goge ƙafa, na ƙame yadda ya koya mini, na ce na fasa ƙofa. Da a nan na tsaya da an wuce wurin. Amma mai tsoro in ya fara magana ba ya sanin birki. Na ce Baba, ƙofar nan ba ta taɓa yin tsatsa ba. Na ce garin nan babu teku, babu gishiri a iska, ni nake koyar da wannan a aji. Na ce mu ne muka cinye ta da hannunmu, kowa a unguwa ya sani, ba wanda ya iya faɗa maka.

Ya fita ya durƙusa a gaban ramin, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya aika a kawo fayil ɗina. Na riga na fara tsara abin da zan gaya wa kawunnaina. Ya rubuta layi ɗaya a ƙarƙashin shugabanci, ya juyo da takardar in gani: yana kawo mugun labari da ƙafarsa. Ya sa hannu.

"Na ba ka ita," in ji shi. "Amma fayil a buɗe yake. Ranar da na kama ka ka ɓoye mini wani abu, na janye hannuna."

"Har da auren, Baba?"

"Har da auren."

Ban taɓa sanin ko wasa yake yi ba, ban kuma taɓa samun ƙarfin halin tambaya ba.

Aka yi biki, mai walda ya kawo sabuwar ƙofa. Asabar ta zo, unguwa ta yi shiru. Wata Asabar ta zo, shiru. Cif ya rataye gudumar a bayan ɗaki, ya fitar da kujera gindin dogonyaro, ya zauna. Mutumin da ba ya iya shan shayi a zaune ya koma yini a wuri ɗaya yana kallon masu wucewa. Ya rage cin abinci. Rigunansa suka fara yi masa yawa. Ƙarshen shekara ya zo bai rubuta wa kowa rahoto ba, har Ya Hajja da ke cewa ta huta ta fara shiga ɗaki tana share hawaye. Wata rana Falmata ta ajiye mini abinci da ƙarfi, ta ce, "Ka samu matarka, ka kashe mini uba da gaskiyarka." Maganar ta yi mini ciwo, domin haka ne.

Dabarar a aji ta zo mini, ina tsakiyar bayyana wa ɗalibai dalilin da kwanon rufi ba ya daɗewa a garuruwan bakin teku. Na tsaya da alli a hannu. In teku ba za ta zo Maiduguri ba, ai gishiri yana kasuwa.

Muka raba aiki mu uku. Falmata ke jiƙa gishiri a buta. Okoro ke zubawa, domin a duk unguwar shi kaɗai ne namijin da ba ya zuwa masallacin Juma'a, kuma a wannan sa'ar layin babu kowa. Yakan ɗan karce gindin ƙofar da ƙusa, wajen mahaɗin walda inda inuwa take, ya tsiyaya ruwan, ya wuce kamar mai neman adireshi. Ni kuma aikina in raka Cif masallaci, in riƙe shi a hanyar dawowa har wurin ya bushe. Tambayoyi nake jera masa. Yaya ake sanin anka ta kama ƙasa? Igiya nawa ke ɗaure jirgi a gaɓa? Wannan ɗaurin da ba ya zamewa, a sake nuna mini. Ta haka na san aikin saman jirgi fiye da wasu da suka ci albashinsa, ni da ko kwale-kwalen Zabarmari ban taɓa shiga ba.

Mako na biyar, da safiyar Asabar, muna gidanmu a layi na biyu muka ji usur. Na fito da gudu ba hula. Na tarar da Cif a durƙushe, yana nuna wani ɗan jan tabo da bai fi ƙwayar gero uku ba, idonsa yana ƙyalli.

"Kurtu! Me ka ce mini game da garin nan?"

"Na yi kuskure, Baba."

"Ɗauko guduma. A kira Okoro."

Ranar ya ci tuwo kwano biyu.

Shekara bakwai muka yi a haka, kuma a cikinsu akwai shekarun da garin nan ba ya son tunawa, na dokar hana fita da shingaye a kowane lungu. 'Yan'uwan Okoro da yawa suka tattara suka koma gida. Shi ya zauna, kuma bai fasa Juma'a ko ɗaya ba. Ka duba hoton da kyau: lokacin da kowa ke zargin kowa, ga mutum shi kaɗai a layi ana tsakiyar salla, ya durƙusa a gindin ƙofar tsohon soja, da ƙusa a hannu ɗaya da buta a ɗaya. Wata Juma'a 'yan sintirin unguwa suka yi ram da shi. Suka ce me ke cikin butar. Ya ce ruwan gishiri. Suka ce na mene ne. Ya ce magani ne, ciwon ciki yake yi. Suka ce to bismilla. Ya shanye buta guda a tsaye, yana murmushi, don kada maganar ta kai kunnen Cif. Kwana biyu shagonsa a rufe. Da na je duba shi ya ce mini, "Malam, ka gaya wa madam ta rage hannu. Wannan ba teku ba ne, wannan azaba ne."

Ni tawa azabar a ƙarshen shekara take zuwa. Cif ya koma rubuta rahoto, kuma kowace shekara a nawa sai ya rubuta cewa Kurtu ba ya ɓoye komai. Yakan karanta mini da kansa, a hankali, yana kallona ta saman tabarau. In koma gida in kasa cin abinci. Ina son tsohon nan, ina kuma yi masa ƙarya duk mako, kuma na san abin da ya ce zai yi ranar da ya gane.

Shekaru bayan rasuwarsa, da ambaliya ta shiga garin nan, bayan an gama kukan abin da ya fi ƙarfe muhimmanci, ruwa ya janye ya bar mana tsatsa ta gaske. Ƙofofi, gadaje, kekunan ɗinki, injinan markaɗe, komai ya yi ja. Na tsaya a layinmu ina kallo, na ce Allah sarki Cif, ga abin da ka nema shekara da shekaru ya zo har gida, ba ka nan. Da yana raye da ya kasa unguwar gida-gida, ya ba kowa guduma, ya hana kowa zaman makoki fiye da kima. Maƙwabta suka riƙa zuwa wurina suna tambayar ta ina ake farawa. Na nuna musu. Waɗanda suka yi gaggawa suka shafa fenti a kai, bana suna sayen sababbin ƙofofi.

Ciwon da ya tafi da shi bai yi masa tsawo ba. Ana saura kwana tara ya rasu, da hantsi, ya ce a ɗauke shi a kujera a kai shi bakin ƙofa, a kawo fayil ɗina, kowa ya ba mu wuri. Ya miƙa hannu da ƙyar ya shafo jan tabon da ke gindin ƙofar, ya kai yatsan bakinsa ya ɗanɗana. 

"Shekara talatin da biyu ina shan ruwan teku ba da niyya ba," in ji shi. "Wannan gishirin miya ne. Tun Asabar ta farko na sani."

Na durƙusa. Na fara ba da haƙuri, ina haɗa sunan Allah da na 'ya'yana. Ya ɗaga mini hannu.

"Na ga mutum uku sun raba aiki, kowa ya san lokacinsa. Shekara bakwai ba wanda ya yi latti, ba wanda ya tona wani, ɗaya har ya sha buta. A jirgi ban taɓa haɗa irin wannan ba, Kurtu. Kai ka haɗa. In rusa don me?"

"To rahoton da kake karanta mini duk shekara, Baba?"

"Wannan horonka ne. Ƙarya ai ba a yin ta kyauta."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya miƙo mini fayil ɗin ya ce in tafi da shi, an rufe. Sannan ya ce kada in gaya wa Okoro, a bar shi da ladansa.

Mutane sukan tambaye ni abin da ya bari. Bai bar dukiya ba, lambobin yabonsa ma suna cikin gwangwanin alewa. Na daɗe ina zaton abin da ya koya mini shi ne yadda ake kula da ƙarfe. Yanzu da na fara tsufa na gane cewa ya iya tsayawa a bayan mutane yana kallon aikinsu, ya ga kuskuren sarai, ya kuma san wanda za a gyara da wanda za a yi shiru a kai. Ni har yau ban iya na biyun ba, ɗalibaina shaida ne. Ina kewarsa ƙwarai.

Ranar Laraba aka yi jana'izarsa. Na cika alkawari, ban gaya wa Okoro komai ba, kuma a cikin hidimar zaman makoki babu wanda ya tuna da buta, Falmata ma ba ta jiƙa gishiri ba. Ranar Juma'a na dawo daga masallaci ni kaɗai, da wuri, tunda babu wanda zan riƙe a hanya. Na tarar da gindin ƙofar a jiƙe.